Samanja Mazan Fama da Sojan da Ke Bakin Kasuwarmu

Da Alhaji Usman Baba Pategi ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81, abin da aka fi maimaitawa a ta'aziyyarsa shi ne Arewa ta yi rashin shahararren ɗan wasan barkwanci. Haka ne, ya ba mu dariya har da hawaye. Amma duk wanda ya tsaya a nan ya tauye masa mudu. Mutumin da muka sani da Samanja Mazan Fama ya ɗauki wani aiki mai nauyi wanda babu ma'aikatar da ta ɗora masa, kuma tun da ya sauke ban ga wanda ya sunkuya ya ɗauka ba. Ya tsaya tsakanin mai kaki da farar hula, yana nuna wa kowannensu yadda ɗan'uwansa yake in ya koma gida ya tuɓe kayan aiki. Daga Matazu nake wannan rubutu, inda a yau soja ya zama maƙwabcinmu, kuma rashin mai yin wannan aiki yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Samanja ba Bahaushe ba ne ta wajen haihuwa. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke gaɓar kogin Kwara, an haife shi a 1942. Ya zo Kaduna da ƙuruciyarsa, ya taɓa aikin gidan rediyo, sannan ya shiga soja a shekarun 1960. Shigarsa soja ce ta bambanta shi da duk wanda ya taɓa aron kaki don yin wasa. A filin fareti aka koya masa tafiyar nan da tsayuwar nan, cikin rana da tsawa. Ya ci abincin bariki, ya bi layin albashi, ya san yadda gaban kurtu ke faɗuwa in hafsa ya ƙwala masa kira. Shi ya sa tsofaffin sojoji, masu saurin gane jabu, suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Matashin da aka haifa bayan 1999 sai an zaunar da shi an yi masa bayani kafin ya gane abin da soja yake a zuciyar mutumin ƙauye. Tsoron ya daɗe. Tun daga rundunar da Bature Glover ya kafa a Ikko a 1863 da masu jin Hausa, har zuwa mayaƙan da Lugga ya ci Kano da Sakkwato da su a 1903, mai riƙe da bindigar baƙar fata ne kamarmu, sau da yawa ma da harshenmu yake magana, amma umarnin na wani ne. Kakanninmu sun ga an kwashi samari zuwa ƙasar Boma a yaƙin Hitila, wasu suka dawo, wasu har yau shiru, waɗanda suka dawo kuma suka zo da wani hali da ba a san su da shi ba. Sai juyin mulkin 1966, sai yaƙin basasa daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Sojan Najeriya da bai wuce dubu 10 da 'yan kai ba kafin yaƙin ya kumbura har ya kai wajen dubu 250 lokacin da aka ajiye makamai. Barikokin da ake da su suka kasa ɗaukarsu. Da yawa suka kama hayar ɗakuna a cikin gari, a Kaduna da Zariya da Kano, rijiyarsu ɗaya da farar hula, kasuwarsu ɗaya, motar hayarsu ɗaya. 'Yar gardama a kan kuɗin mota ko a kan budurwa sai ta ƙare da duka da bel. A ƙauye kuwa, in aka hango koriyar mota ta taso da ƙura, yara kan watse, manya su gyara zama su yi tsit. A cikin wannan hali ne shirin Samanja ya fara fitowa daga Kaduna a shekarun 1970.

Ƙanen mahaifiyata yana cikin waɗanda suka tafi yaƙin basasar. Manomin gyaɗa da auduga ne, mai yawan raha, in ji waɗanda suka san shi kafin tafiyarsa. Wanda ni na tashi na gani mutum ne da ke zama a bakin zaure, bayansa jingine da bango, ba ya yarda kowa ya tsaya masa ta baya, ba ya ɗaga murya, ba ya dariya. Mu yara in za mu wuce sai mu rage sauri mu haɗiye surutunmu. Babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya gano, shi ma bai taɓa faɗa ba. Wani dare da kaka, bayan sallar isha'i, ana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, akwatin rediyon mahaifina yana kan tabarma an kamo Kaduna. Samanja ya tasa kuratansa gaba yana zazzaga musu masifa da Hausarsa ta bariki, sai ga hafsa ya shigo, nan take muryar da ke girgiza ɗaki ta koma ta ladabi da biyayya. Muka ji wata irin dariya daga wajen zaure, haɗe da tari, wadda ba mu taɓa ji ba a gidan. Kawu ne. Ya taso da buzunsa ya matso kusa da rediyon yana share ido da bakin riga. Da aka gama ya dubi mahaifiyata ya ce, "Yaya, wallahi namu samanjan haka yake, har yadda yake jan numfashi kafin ya yi tsawa." Daren nan ya ba mu labarin yadda ake goge takalmi har mutum ya hango fuskarsa a ciki, da yadda aka taɓa kulle shi a gadurum saboda maɓalli ɗaya da ya tsinke. Labarin fagen daga bai ba mu ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma daga ranar muka sami ƙofar shiga wurinsa, shi ma ya sami ta fitowa wurinmu.

Hikimar shirin tana cikin zaɓen muƙamin. Da janar aka ɗauka ko gwamnan soja, da talaka bai ga kansa a ciki ba, da hukuma ma ba ta bari ba. Da kurtu aka ɗauka, da tausayi kawai za a ji. Samanja kuwa a tsakiya yake. Shi ne uban ƙananan sojoji, mai igiya ɗaya da mai igiya uku duk jikinsu na ɓari in ya tunkaro, amma dole ya ƙame ya sara wa laftanan da ya fito jiya-jiya daga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, yaron da a haife ya haife shi. Duk wanda ya ga mai unguwa a lokacin haraji, kafin Gwamna Balarabe Musa ya soke shi a 1979, ya san wannan matsayi: dagaci na matsa masa daga sama, talakawa na kuka daga ƙasa, shi kuwa sai ya yi ta kumfar baki don kada a gane shi ma a tsorace yake. Da zarar mai kallo ya fahimci mai tsawar nan shi ma akwai mai yi masa tsawa, to ya fara ganin ɗan Adam a cikin kakin. Sannan shirin ya bi shi har gida, inda igiya da anini ba su da amfani, inda akwai cefane da bashi da baƙi da rigimar maƙwabta, inda wanda ke tsayar da ɗaruruwan maza da kalma ɗaya kan rasa ta cewa.

A tuna da zamanin da ake wannan. Daga 1966 zuwa 1979 soja ke mulki, daga ƙarshen 1983 zuwa 1999 ma haka. A 1984 aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashin doka mai lamba 4. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, lokacin da soja da bulala ke tsaye a tasha yana sa magidanta tsallen kwaɗo don sun ƙi bin layi. A irin wannan ƙasa, a gidan rediyo da talabijin na gwamnati, ga mai kaki yana fitowa ana yi masa dariya a duk inda muryar Kaduna ta kai.

Na sha jin masu cewa ai wannan wanke soja ne, an ba talaka abin dariya don ya manta da bulala. Ban raina wannan magana ba. Gidan na gwamnati ne, akwai iyakar da ba a tsallakewa, kuma Samanja ba ɗan adawa ba ne. Sai dai mai wannan suka ya manta da rabin masu kallon. Sojoji ma suna kallo a bariki, tare da matansu da 'ya'yansu. Kofur ɗin da ya saba cin zalin direba ya ga irinsa a allo, ya ga yadda abin yake a idon jama'a, ya ji ɗan cikinsa yana ƙyalƙyala dariya a gefensa. Wa'azin da babu farar hular da ya isa ya yi wa soja ido da ido a wancan lokaci, Samanja ya yi shi, aka kuma saurara domin nasu ne. Dariyar da ya koya mana irin ta abokan wasa ce, wadda Bahaushe ya san amfaninta tun kaka da kakanni: a faɗa wa mutum gaskiya mai ɗaci, ya haɗiye, a tashi lafiya, gobe a sake haɗuwa. Mu Katsinawa kuwa da Nufawa abokan wasa ne tun asali, saboda haka da Banufe ya zo mana da wannan darasi bai sha wahalar shiga zukatanmu ba.

Hausar da yake yi ma tana da nata aikin. Hausar bariki ce, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, tana tafe da guntattakin Turancin umarni. An yi mata dariya, kuma ta cancanci dariyar. Amma da ita ɗan Zuru da ɗan Langtang da ɗan Numan da ɗan Gboko suka fahimci juna a rami ɗaya, da ita suka yi ciniki a kasuwar mami, da ita suka nemi aure. Samanja ya ɗauko ta daga bayan shingen bariki ya kawo ta gaban Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa masu ji da ƙwarewar harshe, ya sa suka saba da ita har suka so ta. Yaron da ya tashi yana jin ta a bakin wanda yake ƙauna ba zai ɗauki mai gurɓatacciyar Hausa baƙo ba.

Fuskarsa sai daga baya na gani, a Funtuwa, a gidan wani ɗan'uwanmu da ke aiki a injin gurzar auduga. Talabijin baƙi-da-fari ne, an fito da shi ƙofar gida an ɗora a kan tebur, yaran unguwa sun zazzauna a ƙasa, manya a benci, mata na leƙe daga soro. Lokacin muna cikin jihar Kaduna, domin sai ranar 23 ga Satumba, 1987 aka yanke Katsina, kuma gidan talabijin ɗin da gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962 namu muke ɗaukarsa. A allon nan muka san Ƙasimu Yero na Karambana, wanda ya riga Samanja tafiya a 2017, kamar yadda a rediyon Kaduna muke jin Shata, ɗan Musawa maƙwabciyarmu. Kashegari da safe yaran layin suka fito da karan dawa a kafaɗa suna fareti, babbansu ya tura ƙirji yana ba da umarni. 'Ya'yan mutanen da ke gudu in sun ga koriyar mota ke nan.

Yau ga soja ya dawo ƙauyukanmu, wannan karon kuma mu muke roƙon a kawo shi. Duk mai noma tsakanin Matazu da Musawa da Ɗanmusa da Ƙanƙara ya san dalili. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Funtuwa da Malumfashi, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka hana sayar da fetur a jarka. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na jiha. Gonakin nesa da gari da yawa sun koma saura, mutum kan shuka bai san ko shi zai girbe ba.

A irin wannan yaƙi, bindiga ba ta da ido sai wanda mutanen gari suka ba ta. Ɗan bindiga a kan babur yake, manomi ma a kan babur yake. Wannan ya rufe fuska da rawani, wancan ma ya rufe saboda ƙura. Sojan da aka turo daga nesa ba zai bambanta su ba sai an gaya masa. Manomin kuwa ya ga ayarin babura sun gifta ta bayan gonarsa, ya san rafin da suke tsallakewa, amma yana tsoron buɗe baki, domin bai san kunnen da maganar za ta faɗa ba, kuma ya san abin da ke samun wanda infoma ya kai sunansa daji. Shi ma sojan ya binne abokan aikinsa da aka yi wa kwanton ɓauna, yana zargin wani a cikin garin ne ya ba da labarin fitarsu, saboda haka kowane mai gaishe shi abin tuhuma ne. Mutum biyu ke nan, kowanne a tsorace, kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa, suna kallon juna ta gefen ido. Wanda ke cin ribar wannan kallo yana cikin daji.

Mako uku cif bayan rasuwar Samanja, ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya saki bom a kan masu taron Maulidi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. Rundunar soja ta amsa cewa kuskurenta ne. Wasan kwaikwayo ba ya hana irin wannan, kuma ba ya biyan diyya; wannan aikin bincike ne da hukunci da gyaran tsari, kuma hakki ne da ba a yafe wa hukuma. Amma ɗacin da irin wannan ke bari a zukata yana tafiya har garuruwan da ba su san hanyar Tudun Biri ba, ya zauna a majalisar dare da wurin mai shayi, ya sa uba ya gargaɗi ɗansa kada ya kuskura ya matsa kusa da masu kaki. Wannan ɗacin yana buƙatar inda za a furta shi a fili, da Hausa, a gaban sojan da farar hular gaba ɗaya.

Kwanakin baya, ranar kasuwa, ina tsaye wurin wata dattijuwa mai tuyar ƙosai sai ga wani matashin soja, bindiga a rataye, ƙura ta yi masa fari-fari har gira. Masu jira suka dare ba tare da an ce su dare ba, hira ta ɗauke. Ya miƙa kuɗi, ya harhaɗa 'yar Hausar da yake da ita, ya ce mata "kai", ya ce wa ƙosan "ita". Tsohuwar ta ɗago ta dube shi, matsami a hannunta mai na ɗiga, ta ce, "To, Samanja, na nawa za a zuba maka?" Wurin ya kaure da dariya. Yaron ya tsaya yana rarraba ido, bai san ko zagi ba ne, domin shekarunsa ba su kai ya san shirin ba. Wani direba ya yi masa bayani da Turancin tasha. Sai ya yi murmushi, ya haɗa ƙafa ya ƙame, ya sara mata. Ta ƙara masa gyara, ta ce, "Allah ya tsare, ɗana, ya mayar da kai wurin uwarka lafiya." Bai koma mota da ledarsa ba. A nan ya tsaya ya ci, har wani dattijo ya matsa masa a benci ya tambaye shi garinsu.

Abin ya faranta mini rai, ya kuma tayar mini da hankali. Tsohuwar tana cin gajiyar wani gado ne da ke ƙarewa. Ita ta san Samanja, direban ya san shi, ni na san shi. Sojan bai san shi ba, jikokin tsohuwar ma ba su san shi ba. Nan da 'yan shekaru, in wani sojan ya tsaya a gaban wata mai ƙosan, babu sunan da zai zo bakinta ya kashe wannan shirun.

Saboda haka abu na farko shi ne a ceci abin da ya bari. A Amurka, Alex Trebek ya gabatar da shirin kacici-kacici na Jeopardy! daga 1984 har ya rasu a Nuwamban 2020, fitowa fiye da 8,000. Bayan rasuwarsa aka sa wa ɗakin ɗaukar shirin sunansa, a 2024 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga kan sarki don tunawa da shi, ga tsofaffin fitowarsa a adane ana sake nunawa. Mu kuwa abin da yawancinmu ke iya kaiwa gare shi na Samanja 'yan guntaye ne a YouTube da wayoyin mutane, hoto dishi-dishi, murya na shaƙewa. Kaset ɗin da aka yi aiki da shi a wancan zamani ba ya jure zafi da laima da ƙura. Kowace damina tana cin rabonta. Ina kira ga NTA Kaduna da Rediyon Tarayya na Kaduna su fito da duk abin da ke ma'ajiyarsu a mayar da shi na kwamfuta, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da ke Kaduna da sassan koyar da Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. A yi shela ga magidantan da suka naɗi shirin a gidajensu su kawo abin da ke cikin akwatunansu. A zauna da abokan wasansa da suka rage a naɗi bayaninsu tun suna da ƙarfin magana. Kuɗin wannan aiki kuwa rundunar soja ce ta fi cancanta ta biya, domin babu jami'in hulɗa da jama'a da ya taɓa yi mata abin da wannan bawan Allah ya yi mata.

Abu na biyu ya fi wuya, kuma shi ya fi damuna. Muna buƙatar sabon shiri, na wannan zamani da wannan daji. Kwaikwayon muryar marigayin ba zai yi ba, domin barikinsa na lokacin zaman lafiya ne. Samanjan yau yana kwana a sansani a bakin daji, wayarsa na ƙara matarsa na tambayar kuɗin makarantar yara, yana jiran alawus, yana da kurata 'yan shekara ashirin da ba su taɓa ganin gonar dawa ba. A kewaye da shi akwai ɗan sa-kai da ya san kowace hanyar shanu amma yana da tsohuwar gaba a ransa, da mai unguwar da ke tsoron kowane ɓangare, da Bafulatanin da aka sace wa shanu a daji aka kuma hana shi shiga kasuwa a gari, da matar da aka kashe wa miji tana sayar wa sansanin abinci. Wani zai ce ina abin dariya a nan? Wanda ya zauna da mu ya san ba mu daina dariya ba, ko a gidan makoki akan sami mai sa a murmusa, kuma da ita muke ɗaukar abin da ba ya ɗaukuwa.

Masu iya aikin suna nan. Tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014, ta nuna da Daɗin Kowa cewa masu kallon Hausa za su bi dogon shiri shekara da shekaru ko da yana taɓa abubuwa masu zafi, ga kuma marubuta da 'yan wasa cike da Kano da Kaduna da Jos da Katsina. Sai dai akwai sharuɗɗan da in babu su gara kada a fara. Dole a teburin rubutun a sami wanda ya taɓa sa kaki ya kwana a rami, kamar yadda Usman Baba Pategi ya sa, tare da wanda ya taɓa kwana a gona yana ɓuya. Dole a nuna laifin farar hula, mai kai wa daji fetur da burodi da labari, ba tare da an yi wa wata ƙabila kuɗin goro ba. Dole kuma manyan hafsoshi su jure a nuna sojan da ya karɓi na goro a shinge, da wanda ya mari dattijo, da wanda ya yi kuskure ya rasa yadda zai nemi gafara. Rundunar tana da gidan rediyonta a Abuja tun 2015, amma labarin nasarori da jawabin kakaki ba su ne ke sa manomi ya amince ya faɗi rafin da ake tsallakewa ba. In hafsoshin zamanin mulkin soja sun iya haƙuri da Samanja, na zamanin farar hula ba su da hujjar kasawa.

Gwamnatin Katsina, wadda ke kashe kuɗi a kan motoci da babura da makaman tsaro, tana iya ware abin da bai kai kuɗin mota ɗaya mai sulke ba ta ɗauki nauyin zangon farko, da sharaɗin kada ta sa hannu a rubutun. A fara shi a rediyo kafin talabijin, a gidan rediyon jiha da Companion FM, a sa shi bayan sallar isha'i, a maimaita ranar kasuwa, domin a ƙauyukan da ke tsakaninmu da Ɗanmusa rediyo na kaiwa inda wutar lantarki ba ta kai ba, kuma sojan da ke sansani ma yana da ita a aljihunsa.